Goge asusun kafar sada zumunta

Goge asusun kafar sada zumunta shi ne mutum ya nemi kamfanin da ke riƙe da shafinsa ya share shi baki ɗaya, da suna da hotuna da rubuce-rubuce da jerin abokai. Ya bambanta da dakatar da asusu, inda ake ɓoye shafin kawai, bayanan kuma suna nan a hannun kamfani har ranar da mai shi ya dawo. Cire manhaja daga waya kuwa ba ya taɓa asusun ko kaɗan, ko da yake da yawa suna ɗauka sun fita ke nan.

Tarihi

A shekarun farko kamfanonin sun fi sauƙaƙa dakatarwa, hanyar gogewa kuma sai an sha nema. Wajen ƙarshen 2009 wasu masu fasaha a Rotterdam ta ƙasar Holan suka buɗe wani shafi mai share wa mutum abokai da rubuce-rubucensa, Facebook ya toshe shi. A ranar 31 ga Mayun 2010 wasu 'yan Kanada biyu suka kira ranar barin Facebook. An ce sama da mutum 30,000 ne suka yi alkawarin fita, adadin da bai taka kara ya karya ba.

Doka ce ta fi sauya lamarin. A watan Mayun 2014 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar Mario Costeja González, ɗan ƙasar Sifaniya, cewa mutum na iya neman Google ya cire wasu sakamakon bincike da suka shafi sunansa. Dokar kare bayanai ta Turai, GDPR, ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, sashe na 17 kuma ya tanadi haƙƙin neman a share bayanai. Wata biyu kafin nan badaƙalar Cambridge Analytica, wani kamfanin ba 'yan siyasa shawara, ta fito fili, inda aka kwashi bayanan masu amfani da Facebook, waɗanda Facebook ya ce za su iya kai miliyan 87. Brian Acton, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri WhatsApp, yana cikin masu kiran a goge Facebook. A 2019 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5.

An sake yin ƙaura a Janairun 2021, lokacin da WhatsApp ya sanar da sababbin sharuɗɗa. Miliyoyin mutane suka sauke manhajojin aika saƙo na Signal da Telegram, har WhatsApp ya ɗage wa'adin amincewa da sharuɗɗan daga 8 ga Fabrairu zuwa 15 ga Mayu.

Wa'adi

Facebook da Instagram da TikTok da X suna ba da kwana 30 kafin a goge, wanda ya shiga asusun cikin wannan lokaci yana iya soke buƙatar. Facebook ya ce kammala sharewa daga rumbunsa na iya kai kwana 90. WhatsApp ba shi da wannan jinkiri: da an tabbatar, an fita daga dukkan guruf-guruf, ajiyar hira da ke Google Drive ma ta tafi.

Abin da ake yi kafin gogewa

Ana fara neman kwafin bayanai daga cikin saiti. Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram da WhatsApp, yana bayarwa a tsarin HTML, wanda ake iya buɗewa a karanta, ko JSON, wanda manhajoji ke karantawa. Fayil ɗin na iya ɗaukar kwanaki kafin ya haɗu, kuma dole a sauke shi tun asusun na nan. Sai a duba wuraren da aka yi rajista ta hanyar shiga da Facebook, a sa musu imel da kalmar sirri ta kansu, in ba haka ba ƙofarsu ta rufe tare da asusun. Shafin kasuwanci da mutum ɗaya ke kula da shi yana gogewa tare da mai shi, don haka ake miƙa shi ga wani tukuna.

Abin da ba ya gogewa

Saƙon da aka aika wa wani yana zama a akwatinsa. Haka hoton da wani ya ɗora, da hoton fuskar waya da aka ɗauka, da lambar mutum da ke cikin wayoyin abokansa. Sunan da aka bari wani na iya ɗauka ya yi sojan gona da shi.

Babbar matsala a inda ake yawan sauya layi ita ce lambar waya. Kamfanonin sadarwa suna sake sayar da layin da ya daɗe ba ya aiki, sabon mai shi kuma shi ke karɓar lambar tantancewa ta tsohon asusu. Maganinsa a cire lambar ko a sauya ta kafin a jefar da layi, a kuma sa lambar sirri ta tabbatarwa mataki biyu a WhatsApp.

Najeriya

Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba da haƙƙin neman a share bayanai. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta Najeriya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa, kamfanin ya musanta zargin.