Waiwaye: yadda waƙoƙin makahon Mayo suka tsira

An haifi Antoine Ó Raifteirí a 1779 kusa da garin Kiltimagh, a gundumar Mayo da ke yammacin Ayalan. Mahaifinsa masaƙi ne. Yana yaro cutar agana ta shiga gidansu, ta tafi da idanunsa. Da ya girma sai ya ɗauki gogensa ya bi hanya, yawanci a ƙauyukan Galway, yana rera waƙa da harshen Gelik, wato harshen Ayalan na asali, ana ba shi abinci da wurin kwana. Duk wanda ya san Malam Aliyu Namangi na Zariya ya san abin da makaho mai kaifin ƙwaƙwalwa ke iya yi da baiti.

Waƙarsa da ta fi ratsa zuciya ita ce ta Eanach Dhúin, wani ƙauye a bakin tafkin Corrib. A watan Satumba na 1828 wani tsohon kwalekwale ya ɗauko mutane da tumaki daga ƙauyen, za su cin kasuwa a Galway. Ana cewa wata tunkiya ce ta huda ƙasan jirgin da ƙafarta, wani ya yi ƙoƙarin toshe ramin, katakon ya ɓalle. Kusan mutum 20 suka nutse, ga gari ana hango shi, ga ruwa kwance lumui. Wannan ne abin da mawaƙin ya kasa haɗiyewa: babu iska, babu hadari, amma samari da 'yan mata suka tafi.

Ya rasu a Disamba 1835, bai taɓa ganin an buga waƙarsa ba, aka binne shi a maƙabartar Killeeneen da ke gundumar Galway. Bayan shekara goma babbar yunwa ta faɗo, ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi ƙaura, kuma yankunan masu jin Gelik ne suka fi jin jiki. Makarantun gwamnati kuwa da Turanci suke koyarwa. Waƙoƙin sun rage a bakin tsofaffi da 'yan takardun da wasu suka kwafa da hannu.

Douglas Hyde ne ya bi ƙauyuka yana tattara su, ya buga su a 1903. Shi ne daga baya ya zama shugaban ƙasar na farko a 1938. Kafin nan, a 1900, marubuciya Lady Gregory ta nemo kabarin mawaƙin, wanda ba shi da ko alama, ta sa aka kafa masa dutse mai ɗauke da sunansa.