Waiwaye: Daga Jangali Zuwa Rufe Boda, Harajin Da Bakatsine Ke Biya

A ƙarshen Oktoban 2024 gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna, suka ce ba su amince da ƙudurorin gyaran haraji da Shugaba Tinubu ya aika majalisa ba. Nan da nan wasu masu sharhi suka ce ai dama Arewa ba ta son biyan haraji. Wanda ya san tarihin Katsina ba zai faɗi haka ba.

Tun kafin zuwan Turawa manomi na biyan kuɗin ƙasa, makiyayi na biyan jangali, marini na biyan kuɗin karofi, fatake kuma na biyan fito kafin su shiga kasuwa. Da Turawa suka ci Katsina a 1903 ba su soke waɗannan ba, gyara musu zama suka yi. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau a 1906, shi da jami'in Turawa Palmer suka kafa Baitulmali a Katsina, sauran masarautu suka kwaikwaya, aka kuma fara auna gonaki da takun ƙafa don a yanka wa kowa nasa harajin. Babban canjin shi ne, sai da kuɗin Bature za a biya. Wannan ya tura mutane noman gyaɗa da auduga, ya tura wasu cin rani, wasu kuma suka riƙa tsallakawa Nijar, wadda ke ƙarƙashin Faransa, idan lokacin karɓa ya yi. Tsofaffinmu har yau suna ba da labarin magidancin da aka shanya a rana a ƙofar dagaci saboda ya gaza biya. Wannan wulaƙanci na cikin abin da ya sa talakawa suka saurari jam'iyyar NEPU da Malam Aminu Kano, shi ya sa kuma da Balarabe Musa ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina da Daura na cikinta, ya soke haraji da jangali.

An yi murna, kuma murnar tana kan hanya. Sai dai biyan bai tsaya ba, ɓuya ya yi cikin farashin kaya. A 1994 aka fara harajin VAT, wanda ake ɗorawa kan kuɗin kayan da aka saya, a kan kashi 5 cikin ɗari, a 2020 ya koma 7.5. Mai sayen katin waya ko siminti yana biya ba tare da dagaci ya zo ƙofarsa ba, don haka ba ya jin yana da hurumin tambayar inda kuɗin suka tafi.

A ganina dai, abin da ya fi taɓa aljihun mutumin Katsina shi ne kuɗin fito da dokokin boda. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba Katsina da Maraɗi, ta raba Daura da Magarya, alhali dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya ce. Wake da dabbobi na shigowa, gero da masara da kayan masana'anta na fita. A 1984 an rufe iyakokin, ba a buɗe ba sai 1986. A 2016 aka hana shigo da shinkafa ta bodojin ƙasa, a 2017 aka haɗa da motoci, sannan a Agustan 2019 gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta rufe bodojin ƙasa gaba ɗaya. Watanni kaɗan bayan haka aka hana kai man fetur gidajen mai da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka, mutanen Jibiya da Mai'aduwa da Kongolam suka koma sayen mai a galan da tsada a cikin ƙasarsu. An buɗe wasu bodoji a Disamban 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilun 2022.

Ba zan ce manufar ba ta haifar da komai ba. Noman shinkafa ya ƙaru, injinan casa sun yawaita, shinkafa 'yar gida ta samu daraja. Amma fasa-ƙwauri bai mutu ba, hanyar daji ya koma a kan babura, shingaye suka ƙaru a hanyar Katsina zuwa Jibiya, direbobi na kuka da abin da suke ajiyewa a kowane shinge ba tare da rasit ba. Kuɗin nan duk a kan mai sayen tiya suke ƙarewa. Ana cikin farfaɗowa sai juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka sake rufewa har Maris 2024, daga baya Nijar ta fice daga ECOWAS.

Sai kuma gwamnati ta juya. Cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023 sun sa abinci ya gagari talaka, don haka a Yulin 2024 aka sanar da ɗage kuɗin fito na kwana 150 a kan masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Farashin hatsi ya sauko, magidanci a birni ya samu sauƙi, kuma wannan sauƙi na gaskiya ne. To amma manomin Funtuwa da Dandume da Bakori da aka shekara takwas ana ce masa ya noma abin da za mu ci, ya sayi taki da tsada, ya yi noma cikin fargabar 'yan bindiga, ya kai masara kasuwa ya tarar kuɗinta ba su mayar masa da abin da ya kashe ba.

Dokokin harajin da aka yi ta ja-in-ja a kansu an sa musu hannu a 26 ga Yunin 2025, aka sa Janairun 2026 don fara aiki. An bar VAT a 7.5, an ɗauke shi daga kayan abinci na yau da kullum da magani, an yafe haraji ga mai samun naira dubu 800 zuwa ƙasa a shekara. Kason jihohi daga VAT ya tashi daga kashi 50 zuwa 55, kuma maimakon kashi 60 da aka so a raba bisa inda kuɗin suka fito, an tsaya a 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Gwamnoni sun samu abin da suka nema a rabo.

Abin da ke damuna shi ne, ƙarfin da aka haɗa a Kaduna don kare kason VAT ba a haɗa irinsa a kan kuɗin fiton hatsi ba, ba a haɗa shi a kan shingayen hanya ba. Ga tashar sauke kaya ta tudu a Funtuwa, ga layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ana shimfiɗawa ta Daura da Katsina da Jibiya, dukansu an gina su ne a kan zaton boda za ta zauna a buɗe. Wakilanmu a Abuja su matsa a riƙa bayyana kuɗin fiton masara da shinkafa kafin faɗuwar damina, a kuma bar shi yadda yake na wasu shekaru, don manomi ya san abin da zai shuka kafin ya ci bashin taki.