Ƙwayoyin aktinomaisit na lakar kogunanmu: amsa ga masu tambaya

Ɗaliban Garwa, Marwa da Njamena, tambayoyinku ba sa canzawa. Ga amsa nan a wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake tare ni a hanya.

Mene ne aktinomaisit?

Bakteriya ne masu tsirowa zare-zare cikin ƙasa da laka. Ba fumfuna ba ne, ko da idonka ya ce maka haka. Ƙamshin da ƙasa ke yi idan ruwan farko ya sauka, yawanci aikinsu ne.

In sha ruwan Binuwai ke nan ya zame mini magani?

A'a. Kwalara za ka sha, in ka shiga ciki kuma ga tsargiya. Kada kowa ya shafa laka a gyambo, domin a cikin dangin nan akwai masu haddasa maisetoma, kumburin ƙafar nan mai ɓulɓulo da ruwa da ake gani a Chadi da Sudan.

To ina amfaninsu?

Kusan kashi biyu cikin uku na magungunan antibayotik da aka samo daga halittu, wajensu aka samo. A 1943 Albert Schatz ya fitar da streptomycin daga wani aktinomaisit mai suna Streptomyces griseus a ɗakin gwajin Selman Waksman a Amurka, maganin farko da ya iya da tarin fuka. Mectizan da ake rabawa kyauta tun 1987 don makantar bakin kogi, wanda mutanen Tuboro a arewacin Kamaru sun san shi sarai, asalinsa wani Streptomyces ne daga ƙasar Japan. Allurar gentamicin kuwa daga Micromonospora take, dangin da ke yawaita a lakar tafkuna da koguna. Ban da magani, suna fitar da sinadaran narkar da sitaci da ƙaiƙayi da masana'antu ke saye.

Malam, a ina zan ɗebo laka, kuma yaushe?

Wannan ce tambayar kirki, amsarta kuma ya danganta. In da ni ne, zan jira ruwa ya janye, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A tsakiyar damina kogunan Logon da Shari suna kwaso ƙasar gonaki, sai ka yi ta murna ka samu ƙwayar kogi alhali ta tudu ce ambaliya ta kawo. Ko a rani ma ba ka tsira gaba ɗaya ba, tunda irinsu kan daɗe kwance a ruwa ba tare da ya tsira ba. Amma dai ka rage ruɗani.

Nemi inda ruwa ya lafa, laka ta yi baƙi da ruɓaɓɓen ganye, ko gindin ciyawar gaɓa. Yashin tsakiyar kogi ba ya ba da abin a zo a gani. Mashayar shanu da wurin wanki, ni dai ina gudunsu, sai dai in abin da kake nema shi ne ƙwayar da ta saba da dauɗa. Ƙasan madatsar Lagdo kuma ka tuna sakin ruwa yana canza gaɓar.

Ɗebi saman lakar, kamar santimita 10, cikin kwalbar da aka dafa. Shanya lakar a inuwa kwanaki, wasu har sukan ɗumama ta kusan digiri 50 don rage sauran bakteriya. Dabarar tana aiki, amma tana iya kashe wasu da kake so, don haka raba samfurin biyu. Shuka a farantin agar mai sitaci, wato daskararren abincin da ake renon ƙwayoyi a kai, digiri 28 zuwa 30. Abin da kake jira ɗigo-ɗigo ne busassu kamar garin alli, manne da farantin, in ka kankara ba sa tashi da sauƙi.

Kwana uku ban ga komai ba.

Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Mako ɗaya zuwa uku suke ɗauka, Micromonospora ma ta fi haka nawa. Daina buɗe farantin.

Ƙwayar tawa ta kashe Staphylococcus, bakteriyar nan mai sa maruru. Na gano sabon magani?

Da wuya. Galibi tsohon magani ne aka sake tonowa, shi ya sa ma masu bincike suka koma koguna da tekuna bayan an tatse ƙasar tudu. Sai an karanta jerin ƙwayoyin halittarta, an tace sinadarin, an tabbatar ba guba ba ne ga mutum. Kuma kafin ka aika samfur Faransa ko wani wuri, nemi izinin hukuma a rubuce, kamar yadda yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan amfani da albarkatun halittu na ƙasashe ta tanada.