Katin RAID: mene ne shi, kuma daga ina saurinsa yake fitowa?

Masu tace bidiyo da suka tara aiki a kwamfutar tebur sukan ji masu gyara suna cewa, "Saka mata katin RAID, za ka ga bambanci." Katin RAID ƙaramin allon lantarki ne da ake sokawa a ramin PCIe na cikin kwamfuta. Ana jona masa faya-fayan ajiya biyu ko huɗu ko takwas, shi kuma ya haɗe su ya miƙa wa Windows ko Linux tamkar faifai ɗaya. David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ne suka fito da wannan tsarin haɗa faya-fayai, wato RAID, fili a 1988, da nufin a tara faya-fayai masu araha su yi aikin babban faifai mai tsada.

Haɗin iri-iri ne. RAID 0 yana yayyanka bayani ya rarraba wa faya-fayan, ga sauri, amma ɗaya ya mutu komai ya tafi. RAID 1 kwafi biyu yake ajiyewa. Wanda ya fi jan hankalin mutane shi ne RAID 5, mai buƙatar aƙalla faifai uku, domin yana ajiye wani lissafin kariya da za a iya sake gina bayanin da shi idan faifai ɗaya ya lalace.

A nan ne ake gane katin kirki. A RAID 5, duk lokacin da za a sauya ɗan ƙaramin bayani, sai an karanta tsohon bayanin, a karanta tsohon lissafin, sannan a rubuta sababbin biyu. Aiki huɗu ke nan a madadin ɗaya, alhali faifai mai juyi 7,200 a minti ba ya wuce kimanin ƙananan ayyuka ɗari a daƙiƙa idan bayanan a warwatse suke. Shi ya sa katuna irin MegaRAID da na Adaptec suke zuwa da nasu injin lissafi da tasu ma'adanar wucin gadi, mai cin gigabait ɗaya ko biyu ko fiye. Katin yana karɓar bayani ya zuba a ma'adanar, nan take ya ce wa kwamfuta "na gama", daga baya ya jera su ya rubuta a faifai a tsanake. Yawancin saurin da ake yabo daga wannan dabara yake.

To amma idan aka ɗauke wuta kafin ya rubuta fa? Abin da ke ma'adanar ya ɓace, kwamfuta kuwa tana zaton an ajiye. Ga mu da wuta ke tafiya babu sallama, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Saboda haka ake liƙa wa katin batir, sababbi kuma suna da na'urar riƙe caji da ke kwashe bayanin zuwa ma'adana mai ɗorewa. Katuna da yawa da zarar sun ga batirinsu ya mutu sai su daina wancan saurin amsawa, su koma jiran faifai. Mutum ya sayi kati na hannu, ya ga rubutu yana jan ƙafa, ya ɗora laifin a kan faya-fayai, alhali batir ne. Ni dai ba zan sayi tsohon kati ba sai na duba lafiyar batirinsa a manhajar katin.

Akwai kuma zafi. An ƙera waɗannan katuna ne don manyan kwamfutocin sabar masu iska mai ƙarfi, a akwatin tebur kuwa sai an kafa musu fanka, musamman a watan Afrilu. Sannan RAID ɗin da ke zuwa a jikin babban allon kwamfuta, irin Intel RST, ba shi da injin kansa, kwamfutar ce ke yi masa lissafi.

Wanda sauri kaɗai yake nema, yau SSD ɗin NVMe guda ɗaya, wato ma'ajiyar lantarki marar juyi, a kan PCIe 4.0 yana kaiwa megabait 7,000 a daƙiƙa, faifai mai juyi kuwa wajen 200 yake yi. Amfanin katin ya fi fitowa ga mai terabait masu yawa da ba ya son aiki ya tsaya don faifai ɗaya ya mutu. Shi ma ya kamata ya san cewa idan katin kansa ya ƙone, galibi sai ya samo irinsa daga kamfani ɗaya kafin ya sake buɗe bayanansa, kuma fayil ɗin da ya goge da kuskure ya gogu a duk faya-fayan lokaci guda.