Waiwaye: Yadda sa hannun likita kan tabar wiwi ya zama haja

Tabar wiwi ba baƙuwa ba ce a hannun likitoci. Ta shiga kundin magunguna na Amurka a 1850, aka cire ta a 1942, sannan dokar tarayya ta 1970 ta jefa ta rukunin ƙwayoyin da aka ce ba su da wani amfani wajen magani.

Taƙaddamar yau kan sayar da sa hannun likita ga masu neman wiwi ta samo asali ne a 1996, lokacin da masu zaɓe a jihar Kalifoniya suka amince mara lafiya ya yi amfani da ita idan likita ya ba shi shawarar hakan. Gwamnatin Bill Clinton ta yi barazanar ƙwace izinin rubuta magani daga duk likitan da ya kuskura. Likitoci suka garzaya kotu, kuma a 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce zancen likita da majinyacinsa na cikin 'yancin faɗin albarkacin baki. Wato likita ba zai rubuta wiwi a takardar magani ba, amma zai iya ba da shawara.

Nan gizo ke saƙa. Takardar magani tana ɗauke da adadi da lokacin sha, kuma sai ta bi ta hannun mai haɗa magunguna. Ita shawara takarda ce kawai da ke buɗe ƙofar kantin sayar da wiwi. Nan da nan sai ga asibitocin da ba su da aiki sai sayar da wannan sa hannu, suna tallar rangwame a jaridun mako-mako, ganin likita na 'yan mintoci. Wasu ma a maƙwabtaka da kantin wiwin suke.

Sai a 2016, bayan shekara ashirin cur, ƙungiyar hukumomin kula da likitoci na jihohin Amurka ta fitar da ƙa'idoji: a binciki mara lafiya da gaske, a adana bayanansa, likita kada ya buɗe ofis a kantin wiwi, kada ya karɓi ko sisi daga masu kantin ko manoma. A ganina wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayan sauran.

Ƙasashen da suka biyo baya sun ɗaure talla tun farko. Birtaniya ta halatta maganin wiwi a Nuwamba 2018, ta taƙaita rubuta shi ga ƙwararrun likitoci, kuma tallata maganin da bai da lasisi laifi ne. Ostareliya, wadda ta buɗe ƙofa a 2016, ta hana tallata shi ga jama'a kwata-kwata.

Duk da haka intanet ta samar wa masu kasuwa ɓarauniyar hanya: asibiti ta waya, shafi mai ambaton “maganin tsirrai” maimakon wiwi, kamfani ɗaya ya mallaki asibitin da kantin. A 2025 hukumar kula da ma'aikatan lafiya ta Ostareliya ta ce ta gano wasu ma'aikatan da kowannensu ya rubuta takardar wiwi fiye da 10,000 cikin wata shida, ta kuma fitar da sabon jagora kan rubuta maganin.