Girki da busassun ƴaƴan itace

Busassun ƴaƴan itace su ne waɗanda aka shanya a rana ko aka busar a tanda har yawancin ruwansu ya fita, zaƙi da tsami suka taru a ɗan naman da ya rage. A Damagaram an fi sanin dabino, tsamiya, magarya, kurna, aduwa, goriba da ƴaƴan kuka. Zabibi da furuno (wani baƙin ɗan itace mai zaƙi da ɗan tsami) kuwa kayan kanti ne da ake shigowa da su daga waje. Ana girki da su ta fuska biyu: kayan zaƙi irin su kunu, gumba da gato, da kuma abincin gishiri, musamman naman rago da shinkafa.

Inda suke fitowa

Dabinon da ake gani a kasuwar Dole ta birnin Zinder (Damagaram) ba iri ɗaya ba ne. Akwai busasshe mai tauri na yankin Kawar da ke hamadar arewa maso gabashin Nijar, wanda ayarin raƙuma ya saba ɗaukowa tare da gishiri daga Bilma da Fashi, bayan ya kai wa mutanen can gero. Akwai na kwaruruwan Gure da Gidimuni, sannan akwai mai laushi na Aljeriya da ke biyowa ta Agadas. Mai taurin ya fi jure ajiya da daka, mai laushin ya fi saurin narkewa a tukunya.

Furuno wani ɗan itace ne na ƙasashen sanyi, baƙi mai yamutsattsiyar fata in ya bushe, da ƙwallo ɗaya a ciki. Wanda ya fi suna shi ne na yankin Ajan a kudu maso yammacin Faransa, amma Kalifoniya ta Amurka da ƙasar Cile su ma manyan masu noma shi ne. Sai an busar da kusan kilo 3 na ɗanye kafin a samu kilo 1. Abin da ya raba shi da dabino shi ne yana da zaƙi da ɗan tsami a haɗe, shi ya sa yake shiga da nama mai kitse. A Aljeriya ana dafa nama da shi da zabibi a watan azumi, a Maroko kuma yana cikin tajin, wato naman da ake dafawa a hankali a tukunyar ƙasa, na ranar biki.

Wanki da jiƙo

A fara wanki, sannan jiƙo. Wanda ya jiƙa bai wanke ba dole ya zubar da ruwan saboda yashi, alhali rabin daɗin yana cikin wannan ruwan. Zabibi minti 10 zuwa 15 a ruwan ɗumi ya ishe shi. Furuno mai laushi na cikin leda ba ya buƙatar jiƙo, mai taurin kuwa yana son minti 30 a ruwan ɗumi ko a shayi marar sukari. Dabinon Bilma yana cin awa 3 zuwa 4, ko a bar shi ya kwana a wuri mai sanyi. Kafin a jiƙa dabino a tsaga kowanne a cire ƙwallon a duba ciki: in an ga baƙin gari kusa da ƙwallon, ƙwaro ya riga ya shiga, sai a yar.

Tsamiya giram 100 tana ɗaukar rabin litar ruwan ɗumi. Bayan minti 30 a murje da hannu a tace. Kada ruwanta ya kwana a tukunyar ƙarfe ko ta alminiyam, domin tsamin yana cin tukunyar, ruwan ya yi duhu ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe.

Naman rago da furuno

Ga mutum shida ana buƙatar naman rago kilo 1, an fi son kafaɗa ko wuya saboda suna da jijiya da kitse, manyan albasa 3, furuno giram 250, man shanu babban cokali 3, kirfa sanda ɗaya, garin citta ƙaramin cokali ɗaya, masoro kaɗan, gishiri, zuma babban cokali 2, da soyayyen riɗi na barbaɗawa.

A soya naman a man shanu har ya yi ja, a zuba yankakkiyar albasa da citta da masoro da gishiri, a juya har albasar ta narke. A ƙara ruwa kofi 3 da sandar kirfa, a rufe, a rage wuta. Naman zai ci awa ɗaya da rabi, na tsohon rago ya fi haka. A nan ne yawancin masu koyo suke kuskure, su zuba furunon tun farko tare da nama. Sai ya dagargaje, romon ya koma baƙin kunu, sukarinsa ya kwanta a gindin tukunya ya kama, ɗacin ƙuna ya bi girkin duka. Hanyar da ta dace ita ce a ɗebi ludayi biyu na romon a ƙaramar tukunya, a sa furuno da zuma, a bar su a wuta kaɗan minti 15 har ya kumbura yana sheƙi. In saura minti 10 a sauke nama sai a haɗa. Daga nan ba a juyawa da muciya, girgiza tukunyar ake yi.

Gishirin wannan girki ya kamata ya ɗan fi na miyar yau da kullum, don zaƙi yana danne shi. In zaƙin ya yi yawa, ƙarin ruwa ba ya gyarawa, cokali ɗaya ko biyu na ruwan tsamiya ko lemun tsami ne maganinsa.

Furuno yana da tsada kuma ba kullum ake samunsa ba. Ana maye gurbinsa da jiƙaƙƙen dabino giram 200 da ruwan tsamiya giram 30, a bar zuma gaba ɗaya. Dabino shi kaɗai, babu tsami, yana sa naman ya gundiri mai ci tun kafin ya kai rabin kwano. Ana cin girkin da shinkafa fara ko kuskus. In ana son zabibi a shinkafar, a soya giram 80 a ɗan mai na minti ɗaya har ya kumbura, a barbaɗa bayan ta tsotse. Minti biyu ya yi masa yawa, ƙonewa yake yi.

Kayan zaƙi

Ɗaya daga cikin na gargajiya shi ne akkuri: a daka busasshiyar magarya a hankali yadda ƙwallon ba zai fashe ba, a tankaɗe garin, a yayyafa ruwa kaɗan, a danna a ƙaramin ƙoƙo a turara. Ba ya son sukari. Buzaye kuma suna daka gero da dabino da cuku su dama da ruwa, guzurin da ke riƙe matafiyi yini guda.

A kunun aya, aya giram 500 tana tafiya da dabino giram 150, rabin kwakwa da ruwa lita 2. Dabinon yana maye gurbin sukari, amma yana gaggauta tsami. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40 a Zinder, kunun da ba a sa wa ƙanƙara ba yana iya juyawa cikin ƴan awoyi. Shi kuwa kunun tsamiya, sai gasarar ta yi kauri ake zuba ruwan tsamiyar, domin tsami da ya daɗe yana tafasa da gari tsinka shi yake yi.

Gaton dabino: a zuba tafasasshen ruwa kofi ɗaya a kan yankakken dabino giram 200 da rabin ƙaramin cokali na bikarbonat, a bari ya huce. A buga man shanu giram 100 da sukari giram 80 da ƙwai 2, a haɗa da fulawa giram 250 da hodar tashin gato ƙaramin cokali 2, a juye dabinon da ruwansa, a gasa minti 40 zuwa 45 a digiri 180. In da zabibi ko furuno za a yi, a tsane su a mulmula a cokalin fulawa, in ba haka ba duk sai su nutse ƙasan kwano.

Ajiya da lafiya

Lokacin hunturu ajiya ba ta da wuya. Damina ce mai ɓarna, daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da raɓa ke shiga buhu. A ajiye a kwalba mai murfi ko a firiji. Farin abin da ke fitowa a fatar tsohon dabino ko furuno sau da yawa sukari ne, yana narkewa a ruwan ɗumi. Fumfuna kuwa tana da gashi-gashi da wari, abin da ta kama sai zubarwa.

Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne, don haka mai ciwon sukari ya ƙirga abin da yake ci. Furuno yana sassauta ciki saboda sinadarin sobitol da ke cikinsa: guda 4 ko 5 sun ishi babba a zama ɗaya, yaro kuma ɗaya ko biyu.