Wai mene ne DTB ɗin nan da ake ta cewa a canza idan sikirin ya ƙi kawowa?

Duk wanda ya taɓa riƙe ƴan na'urorin gem ɗin nan na hannu irin su R36S ko RG351P, ya kuma yi ƙoƙarin sa musu tsari, wato babbar manhajar Linux da ke tafiyar da na'urar, kamar ArkOS ko ROCKNIX da kansa, to da wuya a ce bai ci karo da haruffan nan uku ba. Ka yi wa memori filashin, ka zura, ka danna madannin kunnawa, ƴar fitila ta kama amma sikirin baƙi ƙirin, gabanka ya faɗi ka ɗauka na'urar ta mutu, sai wanda ya san harkar ya ce maka ai DTB ne kawai.

DTB gajartawa ce ta Device Tree Blob. A Hausa sai mu ce bishiyar na'ura da aka dunƙule wuri ɗaya. Ɗan fayil ne, ko rabin megabait bai kai ba, aikinsa shi ne ya yi wa kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke magana da kayan cikin na'ura, kwatance: ga irin sikirin da ke jiki, ga ƙafar da madannin A yake, ga inda batir yake, ga wutar da kowane sashe yake sha. A kwamfutar tebur ba a cika buƙatar wannan ba, don kayan cikinta suna yin sallama su faɗi sunansu da kansu, ka soka abu a USB nan take ta gane shi. Amma a na'urori masu cif ɗin ARM yawancin kayan shiru suke yi, sai kanel ya zama kamar baƙon da aka sauke a gida cikin dare an ɗauke wuta, in ba a kwatanta masa ba ko ƙofar ɗaki ba zai gano ba. Da can cikin kanel ɗin ake rubuta bayanin kowane bod, abin ya yi yawa har Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya yi faɗa a kai a 2011, daga nan ɓangaren ARM ya koma amfani da wannan bishiya.

Kuma da gaske bishiya ce, in ka buɗe za ka ga saiwa sannan rassa, ƙarƙashin wani reshe ka ga RK817, ɗan cif ɗin da ke kula da caji da sauti a irin waɗannan na'urori. Asalin rubutun da mutum ke iya karantawa shi ne .dts, sai wata manhaja mai suna dtc ta murƙushe shi ya koma .dtb, kuma ita ɗin dai tana iya warware shi ya dawo rubutu.

To me ya sa matsalar ta yi yawa a nan? A 2020 kamfanin Hardkernel na Koriya ta Kudu ya fitar da Odroid Go Advance da cif ɗin Rockchip RK3326, ya kuma saki lambobin manhajarsa kowa ya gani. Sai masana'antun China suka bi da nasu a kan cif ɗin, amma wannan ya canza sikirin, wancan ya ƙara sandar analog, wani ya sauya wajen madannai. Shi ya sa in ka ji an ce an yi fot ɗin ArkOS, wato an daidaita shi, zuwa sabuwar na'ura mai RK3326, babban ɓangaren aikin rubuta mata bishiyarta ne. Ita R36S ma suna ɗaya ne amma sikirin kala-kala ne a cikinta, shi ne ake ce musu fanel kaza da fanel kaza. A kula dai, masu gyaran waya a wajenmu in sun ce fanel bod suke nufi, su kuma ƴan wannan harka sikirin suke nufi, na ga wannan ya rikita mutane sosai. Kowane fanel yana da jerin lambobin da ake tura masa kafin ya farka, suna cikin DTB a wani layi mai suna panel-init-sequence, in aka tura na wani sai ya yi shiru ko ya riƙa nuna zane-zane.

Na ƙanina haka ta yi. Memorin farko ya daina aiki, muka sa sabo, sikirin ɗif. Sai na kara kunne jikin sifika ina danna ƙasa da sama, na ji ɗan ƙaran menu yana ƙas ƙas, wallahi nan hankalina ya kwanta don na san tsarin ya tashi, ido ne kawai babu. Allah ya taimake mu tsohon memorin ɓangaren BOOT ɗinsa, inda fayilolin tashin na'ura suke, yana buɗewa a kwamfuta, na kwafo fayilolin .dtb na liƙa a sabon, ta kawo. Dan Allah ranar da ka sayi irin wannan na'ura ka fara kwafe BOOT ka ajiye tun kafin ka buga gem ko ɗaya, kuma in Windows ta ce ka yi fomat ɗin ɗaya ɓangaren kar ka yarda, na Linux ne ba ta iya karanta shi ba ne kawai.

Wani abin kuma, DTB ɗin ArkOS ba zai yi a ROCKNIX ba ko da na'ura ɗaya ce, don ArkOS a kan RK3326 tsohon kanel 4.4 na Rockchip take amfani da shi, ROCKNIX kuma sabon kanel, yadda suke karanta bishiyar ya bambanta.

Masu wannan aiki mutane ne da ke yi kyauta bayan sun tashi daga aikinsu, kuma ba kowane fanel ne a hannunsu ba, shi ya sa raina yake ɓaci in na ga an rubuta musu "ba ya aiki" shi ke nan. Ba sai ka iya firogiramin ba kafin ka taimaka. Ka tura musu DTB ɗinka na asali, ka buɗe bayan na'urar ka ɗauki hoton bod yadda rubutun jikinsa zai fito, ka faɗi sigar da ka sa, ka ce akwai sauti ko babu, hasken bayan sikirin ya kama ko bai kama ba. In ka iya shiga na'urar daga kwamfuta ta SSH, hanyar ba ta umarni daga nesa, da ɗan wayifai na USB to ka buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, ka kwafo abin da ya fito gaba ɗaya, kar ka yanke. Masu ƙarfin hali har igiyar waya suke jonawa a UART, ƴan ƙafafun da bod ke fitar da rubutu ta cikinsu, su ga saƙonnin tashi, nan kuma a tuna gudun Rockchip yawanci 1500000 ne ba 115200 da aka saba ba, in gudun da ka sa bai dace ba tarkacen haruffa kawai za ka gani.